Tara Taurarin Littattafai Cikin Sauyayyen Tarihi: Waiwaye a Kan Ƙagaggun Labaran Hausa na 1934 da Labaran Zane

1.0 Gabatarwa

A shekarar 1999 aka fara buga wani jerin labaran zane a Amurka mai suna The League of Extraordinary Gentlemen, wato ƙungiyar mazajen da suka fita daban. Alan Moore ne ya rubuta labarin, Kevin O'Neill kuma ya yi zanen, dukansu biyu mutanen Ingila ne. Abin da ake nufi da labarin zane a nan shi ne labarin da ake bayarwa ta hanyar jera hotunan da aka zana da hannu cikin gida-gida, a rubuta maganar kowane tauraro kusa da bakinsa. Dalilin da ya sa wannan jeri ya yi suna shi ne marubucin bai ƙagi manyan taurarinsa ba. Ya shiga tsofaffin littattafan Turai na ƙarni na 19 ya tsamo su ɗaya bayan ɗaya, ya tara su wuri guda, sa'an nan ya ajiye su cikin wata shekarar 1898 wadda ta saɓa da wadda tarihi ya sani.

Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin wannan dabara cikin tarihin rubutaccen adabin Hausa. Idan aka warware dabarar za a ga tana tsaye ne a kan rukunai huɗu: aron taurari daga wasu littattafai, da tara su a dandali ɗaya, da sauya abin da ya auku a tarihi, da kuma bayar da labarin cikin zane. Za a nuna cewa uku na farko sun daɗe a adabin Hausa, kuma sun fito fili cikin ƙagaggun labaran da aka buga a 1934, shekara 65 kafin aikin Moore. Za a fi mayar da hankali ga Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar, wanda na ƙarshensu malamin makaranta ne a Bauci ya rubuta shi, a ƙasar Bauci kuma ya kafa dandalinsa. Daga nan za a duba abin da haɗa taurarin waɗannan littattafai zai fito da shi, da matsayin rukuni na huɗu, wato zane.

2.0 Yadda Dabarar Take a Aikin Moore da O'Neill

Kundi na farko na jerin ya fito cikin kashi shida tsakanin 1999 da 2000. Taurarinsa biyar ne. Akwai Mina Murray daga littafin Dracula na Bram Stoker (1897), da Allan Quatermain daga King Solomon's Mines na H. Rider Haggard (1885), littafin da ɗalibai da yawa suka karanta a makarantun Nijeriya. Akwai Kyaftin Nemo mai jirgin ƙarƙashin teku daga littafin Jules Verne na 1870, da likita Jekyll wanda yake rikiɗa ya zama Hyde daga littafin Robert Louis Stevenson na 1886, sai kuma Griffin, mutumin da ido ba ya gani, daga littafin H. G. Wells na 1897. Hukumar leƙen asirin Ingila ce ta tara su don su ƙwato wani sinadari mai sa abu ya tashi sama, wanda shi ma daga wani littafin Wells aka aro shi. Daga baya suka gane cewa shugaban da yake ba su umarni a ɓoye shi ne Farfesa Moriarty, babban abokin gābar Sherlock Holmes. Kundi na biyu (2002 zuwa 2003) ya jefa su cikin harin da halittun duniyar Mirrihi suka kawo wa Landan a wani littafin Wells na 1898. Jerin ya ci gaba har zuwa 2019, an kuma yi fim ɗinsa a 2003.

Moore ba shi ya fara wannan dabara a Turanci ba. Philip José Farmer ya ƙulla zumunta tsakanin Tarzan da Holmes da wasu taurari a 1972, Kim Newman kuma ya ƙago Ingila wadda Dracula ya auri Sarauniya Victoria a cikinta a 1992. Abin lura a aikin Moore shi ne yadda ya juya taurarin da ya aro. Quatermain, gwarzon da Haggard ya yi amfani da shi wajen ɗaukaka Bature a kan Baƙar fata, an same shi a Alƙahira ya tsufa, shaye-shaye ya kassara shi. Mace ce shugabar ƙungiyar. Wanda ya fi kowa ƙarfin makami a cikinsu kuwa shi ne Nemo, ɗan sarautar Indiya wanda ya yaƙi Turawan Ingila a boren 1857, kamar yadda Verne da kansa ya bayyana a wani littafinsa na baya. Ke nan an tara taurarin zamanin mulkin mallaka ne don a yi wa wannan zamani tambayoyin da littattafan asali suka kauce musu. Wannan shi ne ma'aunin da ya kamata a riƙe a nan gaba: abin da mai aro ya yi da abin da ya aro.

3.0 Tushen Dabarar a Adabin Baka

Tara sanannun taurari a dandali ɗaya tsohon abu ne ga mai sauraren tatsuniya. Gizo da Ƙoƙi da Ɓotorami da Kura da Dila da Zaki da Dodo ba mallakar tatsuniya ɗaya ba ne. Kowace mai ba da tatsuniya tana da ikon ɗauko wanda ta so ta haɗa shi da wanda ta so, kuma ba ta bukatar gabatar da su, domin yara sun riga sun san Gizo da wayo da tsamin baki, sun san Kura da kwaɗayi da wauta. Daɗin tatsuniyar yana fitowa ne daga ganin yadda halayen da aka sani za su gwabza cikin sabon yanayi. Kundaye uku na tatsuniyoyi da labaru da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913 sun nuna yawan hanyoyin da ake jujjuya waɗannan 'yan taurari kaɗan.

Haka kuma zauren malamai yana da nasa taurarin da suka shigo ta littattafan Larabci. Abu Zaid na Muƙamar Hariri, da dabbobin Kalila wa Dimna, da Sindbad na Alfu Laila, da Abu Nuwas wanda ya zama Abunawas a bakin jama'a, duk sanannu ne a garuruwan ƙasar Hausa tun kafin zuwan boko. Saboda haka matasan malaman da aka nemi su rubuta ƙagaggun labarai a 1933 sun tashi da rumbuna biyu na taurari, na dandali da na zaure, sa'an nan makarantar boko ta ƙara musu na uku.

4.0 Gasar 1933 da Littattafan 1934

An kafa Hukumar Fassara a 1929, daga baya ta koma Hukumar Talifi a Zariya a ƙarƙashin Rupert East. A 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana neman waɗanda za su rubuta ƙagaggun labarai da Hausar boko. Littattafai biyar suka fito daga wannan gasa: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. Marubutan uku na farko Kwalejin Katsina ta haɗa su. Bello malami ne a cikinta, Imam ƙanensa ne kuma ɗalibinta, Tafawa Ɓalewa shi ma can ya yi karatu daga 1928 zuwa 1933. Wajibi ne a riƙa tunawa cewa duk abin da suka rubuta sai ya bi ta hannun jami'in gwamnatin mulkin mallaka kafin a buga shi, kuma don makarantun wannan gwamnati aka buga shi.

4.1 Aron Taurari: Abubakar Imam da Ahmadu Ingawa

A Ruwan Bagaja, Alhaji Imam ya bar Kwantagora don neman ruwan da zai warkar da ɗan sarki, yana ta haɗuwa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman gari bayan gari, kowa yana ƙulla wa ɗan'uwansa tsiya. Imam da kansa ya bayyana cikin tarihin rayuwarsa, wanda Abdurrahman Mora ya tsara aka buga a 1989, cewa ya yi koyi da Muƙamar Hariri. A can ma mutum biyu ne, Harisu mai ba da labari da Abu Zaid mai dabara, suke ta kiciɓis cikin muƙamomi hamsin. Amma Abu Zaid da fasahar harshe yake cin abinci, yana ruɗar majalisa da balaga, shi kuwa Zurƙe ɗan duniya ne irin na tasha da kasuwa, wanda mai karatu ya san irinsa a garinsu. Haka kuma neman ruwan magani don a ceci wani ɗan sarauta jigo ne da ake samu cikin tatsuniyoyin Jamus da 'yan'uwan nan biyu, Grimm, suka tara.

A Magana Jari Ce, wanda aka buga cikin littafi uku tsakanin 1937 da 1939, aron ya ƙara faɗi. Akun da yake tsare Musa ɗan Sarki Abdurrahman da labarai don kada ya fita ya faɗa tarkon Waziri, zuriyar akun tsofaffin littattafan Indiya da Farisa ne, wanda yake tsare uwargijiyarsa da labari kowane dare. A cikin bakin wannan aku Imam ya zuba labaran Larabawa da na Indiyawa da na Turai da na gida. Labarin Kalala da Kalalatu daga wata tatsuniyar Grimm ta kuyangar da ta cinye kaji biyu ya samo asali, Labarin Sarkin Busa kuwa daga labarin mai sarewar garin Hamelin na Jamus. Ibrahim Malumfashi yana cikin masanan da suka bi sawun waɗannan labarai zuwa tushensu. Fadar Sarki Abdurrahman ta zama dandali ɗaya inda taurarin adabin duniya suka hallara, sai dai kowannensu an canza masa suna, an sa masa riga da rawani, an ba shi karin magana a baki.

Ahmadu Ingawa ya bi wannan hanya a Iliya Ɗan Maiƙarfi (1951). Iliyan nan shi ne Ilya Muromets na waƙoƙin jarunta na ƙasar Rasha, gurgun da baƙi suka warkar ya tashi ya zama barde. Sarki Waldima na birnin Kib kuwa shi ne Vladimir na birnin Kiev. Yaran da suka karanta littafin a makaranta sun ɗauki Iliya a matsayin nasu.

A nan akwai bambanci tsakanin Imam da Moore wanda ya kamata a fayyace. Moore yana son mai karatu ya gane tauraron da aka aro, domin ganewar ita ce rabin daɗin karatun. Imam kuwa ya narkar da baƙon ne har ya ɓace cikin 'yan gida, domin masu karatunsa ba su san littattafan asalin ba, kuma abin da ake bukata a lokacin shi ne abin karantawa da Hausa mai daɗi. Wannan ɓoyewa ce ta sa wasu suka riƙa kallon aikin a matsayin satar fasaha bayan an gano tushensa. Idan aka auna shi da ma'aunin da aka ambata a sama, hukuncin ba zai tsaya ba. Tsarin littafin gaba ɗaya, inda aku ya tashi daga keji ya zama Waziri ta hanyar iya magana kaɗai, sa'an nan ya zauna yana koya wa ɗansa Fasih sana'ar, gini ne na Imam, kuma yana magana ne a kan matsayin mai ilimi a fadar masu mulki, matsayin da Imam da tsararrakinsa suke ciki.

4.2 Sauya Tarihi: Ganɗoki

Ganɗoki shi ne ya fi kusa da abin da ake kira sauyayyen tarihi. Kashin farko na littafin yana tafiya ne a kan abubuwan da suka faru. Ganɗoki barde ne a rundunar Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim ɗan Umaru Nagwamatse, kuma ya yi karo da sojojin Lugard. A tarihi, Turawa sun ci Kwantagora da Bida a farkon 1901, suka shiga Bauci a 1902, suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Waɗanda suka ƙi zama ƙarƙashinsu suka yi gabas tare da Sarkin Musulmi Attahiru, aka tare su a Burmi cikin watan Yuli na 1903, aka kashe shi tare da jama'a masu yawa. Bello Kagara, wanda aka haifa a 1890, yaro ne mai wayo lokacin da waɗannan abubuwa suka auku, kuma mahaifinsa malami ne a ƙasar da abin ya fara shafa.

Inda tarihi ya ƙare da faɗuwa, Bello bai bar gwarzonsa ya faɗi ba. Ya fitar da shi daga ƙasar tare da ɗansa Garba Gagare, ya kai shi ƙasashen gabas har Indiya, inda yake yaƙi da aljannu da dodanni da sarakunan da ba su karɓi Musulunci ba, yana cin nasara. Takobin da bindiga mai ruwa ta karya a Nijeriya ya sami filin da zai yi aiki a wata duniyar. Bayan shekaru Ganɗoki ya komo gida ya tarar da ƙasa ta canza a hannun Turawa, ya zauna yana ba yara labarinsa.

Ana iya karanta wannan tsari ta fuska biyu. Ta fuskar farko, littafin ya ƙare da amincewa da sabon zamani, abin da zai yi wa Hukumar Talifi daɗi. Ta fuska ta biyu, shekara talatin kacal bayan Burmi, wani malamin gwamnati ya sa 'yan makaranta suna karanta kirarin mutumin da ya yaƙi wannan gwamnati bai kuma miƙa wuya a fagen fama ba. Shiga duniyar aljannu ita ce ta ba da damar faɗin wannan magana. Da littafin ya tsaya a kan tarihi tsantsa, dole ne ya ƙare da gawa ko da mubaya'a. Wannan shi ne amfanin sauya tarihi ga wanda aka ci da yaƙi, kuma ya bambanta da amfaninsa ga Moore, wanda yake waiwayen daular kakanninsa bayan ta riga ta rushe, ba kuwa mai duba masa rubutu don kare ta.

4.3 Dasa Ƙagaggen Tauraro Cikin Tarihi: Shaihu Umar

Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, ya rubuta Shaihu Umar yana sabon malami a Makarantar Midil ta Bauci. Ya buɗe littafin a Rauta, wani ƙaramin gari kusa da birnin Bauci, inda almajirai suka tambayi malaminsu asalinsa. Zaɓen wannan wuri yana da ma'ana. Mai karatun da ya tashi a Miri, kan hanyar Jos, ko a Tirwun ko Inkil, ya san irin garin da ake nufi, ya san zaure da buzu da almajiran da suke zuwa daga nesa. An ajiye ƙagaggen mutum a wurin da ake iya zuwa da ƙafa.

Labarin da malamin ya bayar na bauta ne. An haife shi a Kagara, mahaifinsa ya rasu, mahaifiyarsa ta auri Makau, bafaden da aka yi wa sharri bayan an komo daga harin kama bayi, aka kore shi daga gari. An sace Umar yana yaro, ya faɗa hannun wani Balarabe mai suna Abdulkarim wanda ya tafi da shi Ber Kufa ya riƙe shi kamar ɗa, ya ba shi ilimi. Mahaifiyarsa ta fita nemansa ita ma aka bautar da ita aka ƙetara hamada da ita, ba su sake saduwa ba sai tana gab da rasuwa. Yaƙin Rabeh, wanda ya ci Barno a 1893 Faransawa suka kashe shi a 1900, yana cikin abubuwan tarihi da suka gitta a hanyar komowar Umar.

Tafawa Ɓalewa bai sauya tarihi ba, bai kuma kira aljani ko ɗaya ba. Ya ɗauki hanyoyin fatake da kasuwannin bayi yadda suke ya dasa mutum ɗaya a tsakiyarsu. Lokacin da aka buga littafin ba a gama da bauta a dokar Arewa ba, domin sanarwar Lugard ta 'yanta 'ya'yan da aka haifa daga Afrilun 1901 ne kawai, sai a 1936 aka soke bautar ɗungum. Ke nan cikin iyayen ɗaliban da suka fara karanta littafin akwai waɗanda suka kama bayi, akwai waɗanda aka kama. Shi ne kuma ya fi sauran biyun fita daga takarda: Mervyn Hiskett ya fassara shi zuwa Turanci a 1967, Umaru Ladan da Dexter Lyndersay suka mayar da shi wasan kwaikwayo a 1975, Adamu Halilu ya yi fim ɗinsa a 1976, an kuma gyara fim ɗin aka nuna shi a bikin finafinai na Balin a 2018.

5.0 Abin da Haɗuwar Taurarin Za Ta Fito da Shi

Idan aka jera littattafan nan uku za a ga wani abu da ba a cika kula da shi ba. Taurarinsu 'yan yanki ɗaya ne. Alhaji Imam daga Kwantagora ya tashi, Ganɗoki barden Kwantagora ne, Umar kuma a Kagara aka haife shi. Dukansu sun bar gida sun yi doguwar tafiya sun komo, dukansu kuma suna zaune ne a ƙarshen rayuwa suna ba wasu labari da bakinsu. Bugu da ƙari, Ganɗoki da Umar 'yan zamani ɗaya ne, wato ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20. Marubucin da ya so haɗa su ba ya bukatar wata doguwar dabara, domin hanyoyinsu sun riga sun kusanci juna.

Amma haɗuwar ba za ta yi sauƙi ba. Kwantagora ta zamanin Nagwamatse da ɗansa Ibrahim ta yi suna wajen hare-haren kama bayi a ƙasar Gwari da maƙwabtanta. Jaruntar da Ganɗoki yake taƙama da ita kafin zuwan Turawa a irin waɗannan hare-hare aka gina ta, kuma irin wannan tsari ne ya raba Umar da mahaifiyarsa. Gwarzon littafi ɗaya yana cikin musabbabin musibar ɗaya littafin. Muddin kowanne yana cikin bangonsa, mai karatu yana iya yi wa Ganɗoki kirari da safe ya yi wa mahaifiyar Umar hawaye da yamma ba tare da ya ji wani saɓani ba. Da za a zaunar da su a zauren Rauta, dole ɗaya ya amsa wa ɗaya: shin wanda ya tsaya wa ƙasarsa a gaban bindigar Bature an yafe masa abin da ya yi wa talakan ƙauye? Shin haƙurin da Umar ya yi da ƙaddara ya isa amsa ga zaluncin da aka yi masa? Idan kuma Malam Zurƙe yana gefe, akwai mai yi wa su biyun dariya.

Wannan shi ne ainihin abin da dabarar take yi wa adabi. Tana tilasta wa littattafan da aka saba karantawa a rarrabe su yi wa juna hisabi. Tarihin ƙasar Hausa na shekarun 1890 zuwa 1903 yana ɗauke da gaskiya biyu masu nauyi, ta cin ƙasa da ta bauta, kuma marubutan 1934 sun raba su tsakaninsu, kowa ya ɗauki guda.

6.0 Rukuni na Huɗu: Zane da Haƙƙin Mallaka

Rukunin da ya yi rauni a wannan tarihi shi ne zane. Littattafan Zariya suna da hotuna jefi-jefi, amma hoton yana rakiyar rubutu ne, ba shi yake ɗauke da labarin ba. Hukumar Talifi da Kamfanin Gaskiya da aka kafa a 1945 da Hukumar NORLA ta shekarun 1950 sun fi karkata ga yaƙi da jahilci da littattafan makaranta. Labaran hoto da suka ja hankalin matasan birane daga waje suka zo kuma da Turanci, musamman mujallar African Film mai tauraro Lance Spearman, wadda ta yi tashe daga 1968 zuwa 1972. Ikebe Super ta Wale Adenuga, wadda ta fara fitowa a 1976, a Legas take. Da adabin kasuwar Kano ya bunƙasa daga tsakiyar shekarun 1980, sai mai zane ya sami aiki a bangon littafi, daga nan kuma labaran suka wuce kai tsaye zuwa finafinan bidiyo.

Labarin zane da ya fi kusa da sauya tarihin ƙasar Hausa shi ne Malika: Warrior Queen na Roye Okupe, wanda ya fara fitowa a 2017. An gina tauraruwarsa a kan Sarauniya Amina ta Zazzau, an kira daularta Azzaz, an sa ta a ƙarni na 15 tana fuskantar rundunar daular Ming ta ƙasar Sin, karon da bai taɓa aukuwa ba. Marubucin ɗan Legas ne, da Turanci kuma ya rubuta. Wannan ya nuna cewa tarihin yana da farin jini a wajen masu zane, ko da yake masu harshen ba su ne kan gaba wajen cin moriyarsa ba.

Akwai kuma batun doka. Moore ya sami sakewa ne domin haƙƙin mallakar yawancin littattafan da ya ɗiba ya riga ya ƙare. Inda bai ƙare ba, kamar tauraron nan Fu Manchu na Sax Rohmer, sai ya zana shi ya ƙi ambaton sunansa. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba aikin adabi kariya har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da marubuci ya rasu. An kashe Tafawa Ɓalewa a Janairun 1966, Bello Kagara ya rasu a 1971, Abubakar Imam a 1981. Idan aka bi wannan lissafi, kariyar Shaihu Umar za ta kai ƙarshen 2036, ta Ganɗoki 2041, ta littattafan Imam kuwa 2051. Kafin nan mai son amfani da waɗannan taurari sai ya nemi izinin masu haƙƙi. Gizo da Ƙoƙi da Bayajida da Barbushe da Amina kuwa ba su da mai hana taɓa su.

7.0 Kammalawa

An ga cewa aron taurari, da tara su a dandali ɗaya, da sauya tarihi, duk suna nan cikin adabin Hausa tun daga tatsuniya har zuwa littattafan 1934, sai dai sun zo a warwatse, kowane marubuci da rukunin da ya riƙa. Imam da Ingawa sun aro sun narkar, Bello Kagara ya buɗe wa wanda aka ci da yaƙi wata ƙofa, Tafawa Ɓalewa ya tsaya a kan tarihi ya sa shi ya yi magana ta bakin malamin Rauta. Kwatanta su da aikin Moore da O'Neill yana da amfani biyu ga manazarci. Na farko, yana sauƙaƙa hukuncin da ake yi wa aro, domin ya nuna cewa wurin da tauraro ya fito bai kai muhimmancin aikin da aka sa shi ba. Na biyu, yana jawo hankali ga karanta littattafan gasar 1933 a matsayin duniya ɗaya mai yanki ɗaya da zamani ɗaya, inda Ganɗoki da Shaihu Umar suke da maganar da ba su gama yi da juna ba.